Tambaya da Amsa: Shin Ba wa Karuwanci Lasisi Zai Rage Ɓarna a Kano?

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum. Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti da ke kusa da Sabon Gari. Mata masu zaman kansu suna zuwa wurinmu, amma yawancinsu ba sa zuwa sai cuta ta ci jikinsu, kuma ko sun zo ba sa faɗin sunansu na gaskiya, balle su dawo karɓar sakamakon gwaji. Wani likita da muke aiki tare ya ce maganin wannan shi ne gwamnati ta halatta sana'ar, ta yi musu rajista, ta riƙa gwada su, ta karɓi haraji, kamar yadda ake yi a Jamus da Holan, har ma da Senegal wadda ƙasar Musulmi ce. Zuciyata ba ta kwanta da maganarsa ba, amma na kasa ba shi amsa. Mece ce gaskiyar lamarin, kuma zai yiwu a Kano?

Malamar jinya, daga Fagge

AMSA

Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya saka da alheri bisa aikin da kike yi. Abin da abokin aikinki ya faɗa game da ƙasashen nan gaskiya ne, sai dai ya tsaya a ranar da aka kafa dokokin, bai bi abin da ya biyo baya ba, kuma a nan ne amsarki take.

A fara da Senegal, tunda ita ce ta fi kusa da mu a addini da yanayin rayuwa. Tun daga 1969 doka a can ta yarda mace da ta kai shekara 21 ta yi rajista, a ba ta katin lafiya, ta riƙa zuwa asibiti ana duba ta a kai a kai, kuma duk ɗan sandan da ya tare ta yana da ikon neman ganin katin. Buɗe gidan karuwai da kawalci duk haramun ne a dokarsu har yau. Tsarin ya taimaka wa waɗanda suka shige shi ta fuskar lafiya, amma fiye da shekara hamsin bayan kafa shi, waɗanda suka yi rajista su ne 'yan tsiraru. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san al'umma irin tamu. Rajista tana nufin sunan mace da hotonta su shiga kundin hukuma, kuma katin da take ɓoyewa a ƙasan akwati yana iya faɗawa hannun ɗanta ko yayanta wata rana. Matar da take fatan ta yi aure ta bar harkar, kuma yawancinsu wannan ne fatansu, ba za ta sa hannu a takardar da za ta bi ta har tsufa ba. Ki tambayi kanki, Malama: matan da suka ƙi faɗa miki sunansu a ɗakin gwaji, inda babu kowa sai ke da su, su ne za su je sakatariyar ƙaramar hukuma su bi layin karɓar kati?

Holan ta ɗage haramcin gidajen karuwai a shekarar 2000, da niyyar fitar da harkar daga hannun miyagu ta dawo ƙarƙashin idon hukuma. Daga 2007 hukumar birnin Amsterdam da kanta ta shiga rufe wasu daga cikin ɗakunan da ta ba lasisi, saboda ta gano masu safarar mutane da masu halatta kuɗin haram sun fake a bayan lasisin. Jamus ta yi tata dokar a 2002, ta ba matan damar ƙulla yarjejeniyar aiki da shiga inshorar lafiya da fansho, amma kaɗan ƙwarai suka shiga, har sai da aka sake wata doka a 2017 wadda ta wajabta rajista da amfani da kwaroron roba. A ƙarshen 2019 waɗanda suka yi rajista kimanin 40,000 ne, adadin da ya gaza duk wani ƙiyasi na masu harkar a ƙasar, kuma mafi yawansu ba Jamusawa ba ne, 'yan ci-rani ne daga ƙasashen gabashin Turai masu fama da talauci, musamman Romaniya. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a tsarin lasisi. Idan aka buɗe kasuwa a fili, masu saye suna ƙaruwa, matan gari masu wata mafita ba sa cike gurbin, sai a je a ɗebo 'ya'yan talakawa daga nesa. Wani bincike da masana tattalin arziki uku suka wallafa a 2013, bayan sun duba ƙasashe sama da ɗari, ya nuna cewa ƙasashen da suka halatta harkar sun fi samun rahoton shigowar waɗanda aka yi safararsu, duk da cewa su kansu masanan sun yi gargaɗin cewa ƙididdigar safarar mutane tana da rauni. A garin da motoci ke sauke mutane dare da rana daga ƙauyuka, da jihohin maƙwabta, da Nijar, da yankunan da rikici ya tarwatsa, ba sai an yi dogon tunani ba kafin a gane 'ya'yan wa za a ɗebo.

Akwai kuma tsohon darasi game da gwajin dole. Ingila ta kafa dokoki daga 1864 waɗanda suka ba 'yan sanda ikon kama duk matar da suke zargi a garuruwan barikin soja, a duba ta da ƙarfi, idan an sami cuta a tsare ta a asibiti, alhali sojojin da ke zuwa wurinta babu mai taɓa su. An soke dokokin a 1886 bayan gwagwarmayar da wata mai fafutukar kare haƙƙin mata, Josephine Butler, ta jagoranta. Ke ma'aikaciyar lafiya ce, kin fi ni sanin cewa katin da ke cewa mace lafiyarta ƙalau a farkon wata ba ya hana wani ya sa mata cuta a tsakiyar watan, sai dai ma ya ba mai saye hujjar ƙin amfani da kariya.

Ya kamata in yi wa ɓangaren likitan adalci, domin suna da hujjoji masu nauyi. Akwai bambanci tsakanin ba da lasisi da cire hukunci gaba ɗaya. Ƙasar Niyu Zilan ta bi hanya ta biyu a 2003, da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak a majalisa, 60 da 59, ba tare da tilasta wa kowace mace rajista ba, kuma matan can sun fi samun ƙarfin gwiwar kai ƙarar wanda ya cuce su. Beljiyam ta bi sahu a 2022. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cire hukunci tun 2012, ƙungiyar Amnesty ta ɗauki wannan matsaya a 2016, mujallar likitoci ta Lancet kuma ta ƙiyasta a 2014 cewa hakan zai iya rage sababbin kamuwa da ƙanjamau a tsakanin matan da abokan hulɗarsu da kashi 33 zuwa 46 cikin ɗari a shekara goma. Abin da suke cewa a taƙaice shi ne abin da kike gani da idonki: wadda take tsoron kamu tana gudun asibiti, kuma idan aka yi mata fyaɗe ko duka ba ta da inda za ta kai kuka. A binciken ƙasa na 2018 an sami masu ƙanjamau kashi 1.4 cikin ɗari a tsakanin 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49, amma a tsakanin mata masu zaman kansu adadin ya ninka haka sau da yawa, kuma mazan da ke zuwa wurinsu gidajen aure suke komawa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma wanda ya yi watsi da ita saboda daga Turai ta fito bai kyauta wa matan aurenmu ba.

Hanya ta uku ita ce ta Suwidin, wadda tun 1999 ta ce mai saye ne mai laifi, mai sayarwa kuwa a taimake ta ta fita. Norway da Faransa da Kanada da Ayalan sun kwaikwaye ta. Ita ma tana da masu suka, waɗanda ke cewa ta kora harkar zuwa lungunan da ba a gani, ta sa masu gidaje suna korar matan haya.

To, mu dawo gida. Lasisi ba zai yiwu a Kano ba, kuma a ganina bai kamata ba. Jihar nan ta kafa kundin hukunce-hukuncen Shari'a a shekarar 2000, ta kafa Hukumar Hisbah da doka a 2003, kuma babu majalisar dokokin da za ta zauna a Kano ta buga hatimin gwamnati a kan abin da Alƙur'ani ya ce kada ma a kusance shi, sannan ta karɓi haraji daga kuɗin da Manzon Allah (SAW) ya hana ci. Amma ƙin lasisi ba ya nufin abin da muke yi yanzu daidai ne. Ki duba yadda kuɗin ke tafiya a harkar. Mai gida yana karɓar kuɗin ɗaki kullum, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, kuma idan aka tara na wata ya fi hayar ɗaki irinsa a kowace unguwa. Magajiya tana da nata kason, kawali yana da nasa, mai otal da ke bayar da ɗaki na awa biyu yana da nasa, haka wanda ya kawo yarinyar daga ƙauye da alkawarin aikatau ko aikin gidan abinci, ya ɗora mata bashin kuɗin mota da na kayan sawa. Yanzu ma da yawa daga cikin cinikin ya bar Sabon Gari ya koma cikin waya, ana daidaitawa a WhatsApp, a haɗu a masauki mai katanga da maigadi. Idan aka yi samame, wa ake gani a hoto an jera su sun rufe fuska da mayafi? Matan ne, kuma mafi talaucinsu, waɗanda ba su da kuɗin masauki mai katanga. Mai gidan yana nan, washegari ya sa wata a ɗakin. Wannan shi ne barin jaki ana dukan taiki.

Saboda haka abin da zan ce ki gaya wa likitan shi ne, matsalar da ya hango gaskiya ce, amma ana iya magance ta ba tare da lasisi ba. Asibiti ya zama wurin da ba a kamu kuma ba a tambayar sana'a, sirrin majiyyaci ya tsaya a ɗakin gwaji, kuma samun kwaroron roba a jakar mace kada ya zama shaidar laifi, domin duk inda aka yi haka matan sun daina ɗauka ne, ba su daina harkar ba. Ƙarfin hukuma kuma ya karkata kan masu gidajen da kawalai da masu safara, inda dama akwai doka: hukumar yaƙi da safarar mutane ta ƙasa, wato NAPTIP, tana nan tun 2003, an ƙarfafa dokarta a 2015, tana da ofishi a Kano, kuma duk yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba da kika gani a wannan hali, a idon doka wadda aka zalunta ce, kuma can ya kamata labarinta ya je.

Sannan a toshe ƙofar shiga. Da yawa daga cikin matan nan zawarawa ne da aka saka da yara, ba ciyarwar idda, ba kuɗin abincin 'ya'ya, gidan iyaye kuma ba shi da halin riƙe su. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, ciyar da yara wajibin uba ne ko a hannun wa suke. Da alƙalai suna tilasta wannan da irin zafin da ake yin samame, da ɗakuna da yawa sun rasa masu haya. Auren zawarawa da gwamnatin jiha ta fara a 2012, wanda a 2023 aka ɗaura wa ma'aurata 1,800, ya taimaki waɗanda ya taimaka, amma ana sakin aure a kowace rana, shi kuwa bikin sai bayan shekaru.

TAMBAYA TA BIYU

Malam, na ji an ce kuna shirin tattauna batun halatta karuwanci. Ina ganin ko buɗe wannan magana bai dace da mujallar da 'ya'yanmu ke karantawa ba. Halal a bayyane take, haram a bayyane take, hukuncin zina kuma sananne ne. Mene ne abin muhawara?

Wani dattijo, daga Kurna

AMSA

Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. A kan haramcin babu muhawara tsakanina da kai, kuma ka ga amsar da na ba Malamar jinya. Abin da ake tattaunawa shi ne yadda hukuma za ta yi da mutanen da suka riga suka faɗa, kuma a nan Shari'a ta fi mu tsantseni. Suratun Nur da ta ambaci bulala ɗari ga mazinaciya da mazinaci, su biyun tare, ita ce ta ce wanda ya jefi mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba a yi masa bulala tamanin, kuma kada a sake karɓar shaidarsa. Wannan sharaɗi ya sa haddi ba ya tabbata a kan wadda aka tsinta a bakin titi da dare ko a harabar otal. Abin da ya rage a hannun hukuma shi ne ta'aziri, wato horon da shugaba ke tsarawa bisa maslaha, kuma tunda bisa maslaha ne, halas ne mu tambaya ko ana ɗora shi a inda zai yi amfani.

A cikin surar dai, aya ta 33 ta yi magana kai tsaye kan wannan sana'a, kuma da masu cin riba ta yi magana: ta hana iyayengiji tilasta wa kuyanginsu karuwanci don neman abin duniya, ta kuma yi wa waɗanda aka tilasta alkawarin gafara. Malaman tafsiri sun ce ta sauka ne a kan Abdullahi bn Ubayyu, shugaban munafukan Madina, wanda yake tura kuyanginsa su samo masa kuɗi. Mai gidan da ke karɓar kuɗin ɗaki kullum, da matar da ta ɗauko yarinya daga ƙauye ta ɗora mata bashi, su ne magadan wannan aiki.

Mun kuma ga abin da ke faruwa idan nauyi ya faɗa kan mace kaɗai. An yanke wa Safiya Husaini hukuncin jefewa a Sakkwato a 2001, aka yanke wa Amina Lawal irinsa a Jihar Katsina a 2002, dukansu saboda ciki ko haihuwa sun bayyana, mazan da aka ambata kuma suka musanta aka sallame su. Kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a ne da kansu suka rushe hukuncin biyu, na Safiya a 2002, na Amina a 2003. Game da 'ya'yanmu kuwa, Baba, wayar da ke hannunsu ta riga mujallar nan isa gare su da wannan magana, kuma ba da ayoyi take isa ba.

TAMBAYA TA UKU

Malam, gaskiya ne wata kotu a Abuja ta ce karuwanci ba laifi ba ne a Nijeriya? Idan haka ne, da wace doka ake kama mata a Kano?

Ɗalibi, daga Kabuga

AMSA

Ɗan'uwa, labarin yana da tushe, amma an faɗaɗa shi. A Disambar 2019 Mai Shari'a Binta Nyako ta Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa an tauye haƙƙin wasu mata da aka kama a samamen 2017 bisa zargin karuwanci, ta ba da umarnin a biya su diyya, jaridu kuma suka ɗauki labarin a matsayin halattawa. Kafin nan, a Oktoban 2017, Kotun ECOWAS ta ba Dorothy Njemanze da wasu mata gaskiya a kan gwamnatin Nijeriya, saboda an kama su an kira su karuwai don kawai an gan su a waje da dare. A Maris ɗin 2025 kuma Mai Shari'a James Omotosho, na wannan Babbar Kotun Tarayya dai, ya kori wata ƙara da ta nemi a hana hukumomin Abuja kama masu harkar, yana mai cewa kundin hukunta laifuka na Arewa da Abuja, wato Final Kod (Penal Code), ya tanadi hukunci a kan harkar. Ka ga alƙalai biyu masu daraja ɗaya sun kalli lamarin ta fuska biyu.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, irin waɗannan laifuka a Nijeriya galibi hurumin jihohi ne. Kundin da jihohin Kudu suka gada ya fi mayar da hankali kan kawalci, da buɗe gidan karuwai, da cin abinci daga kuɗin harkar. Arewa tana da Final Kod tun 1960, Kano kuma ta ƙara da kundin Shari'a ga Musulmi, don haka hukuncin da aka yi kan samamen Abuja bai goge ko layi ɗaya daga dokokin Kano ba. Inda yake da amfani a nan shi ne yadda ake kamun. Tsarin mulkin 1999 ya hana wulaƙanta ɗan Adam ko wane ne shi, ya hana hukunta mutum kan laifin da ba a rubuce yake a doka ba, ya kuma ce wanda aka tsare a sanar da shi dalili, a bar shi ya ga lauya, a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, wanda a cikin birnin Kano babu inda bai cika wannan sharaɗi ba. Wadda aka tsare fiye da haka, ko aka doke ta, ko aka nemi kuɗi ko wani abu a wurinta kafin a sake ta, danginta suna iya kai ƙorafi ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Kano, ko su nemi lauya kyauta daga Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.